Yadda za ka canza bushin ɗin stabilaiza in kana tada tsohuwar mota

Duk wanda ya taɓa tada tsohuwar Fijo 504, irin wadda kamfanin PAN suka yi ta haɗawa a Kaduna har 2006, ya san hankali duk kan inji da fenti da kushin yake tafiya, sai ka gama zuba kuɗi ka fito ka hau ɗan gargada ka ji ƙasan mota na ƙwal-ƙwal kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Haka tawa ta yi min, na canza shokozoba duka biyun gaba ƙarar na nan, ashe wata 'yar roba ce da ko tafin hannu ba ta kai ba.

Stabilaiza dai wannan lanƙwasasshen ƙarfen ne da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, shi ke hana mota kwanciya gefe ɗaya in ka sha kwana. Robobi biyu ne suka riƙe shi a jikin mota, kowacce da marfin ƙarfe a kanta, su ne bushin ɗin. In suka bushe suka tsattsage sai ƙarfen ya samu wajen wasa. Ka kama shi ka jijjiga, ko ka zura ƙarfen cire taya ka ɗan banƙara, in ya motsa to magana ta ƙare.

Kafin ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka, dan Allah auna kaurin ƙarfen, ko ma ka ciro tsohuwar robar ka tafi da ita a aljihu. Mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne Alhaji, ba ɗaya ba ne, milimita ɗaya kacal in ta yi yawa ƙarar za ta dawo.

Toh aikin. Ɗaga gaban motar duka ɓangare biyu, ba ɗaya ba, don in taya ɗaya na sama ɗaya na ƙasa ƙarfen a murɗe yake, za ka sha wuya kuma yana iya fizgewa ya bugi hannunka. Ka sa mata abin tokare mai ƙwari ka datse tayoyin baya, kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai ke riƙe da ita.

Notocin marfin nan sun shekara talatin ba a taɓa su ba, su ne ainihin rigimar. Fesa musu WD-40, man nan na feshi mai sassauta tsatsa, tun dare ya kwana, ka goge da burushin waya, sannan ka sa sifana mai zobe wadda ta zauna daram. In ya ƙi, ɗan ɗaure shi kaɗan sannan ka kwance, gaba baya gaba baya a hankali. Ni garaje na yi ɗaya ya karye a ciki, aikin minti arba'in ya koma yini guda wajen mai walda.

Da ka cire marfin, duba inda tsagar tsohuwar robar ta kalla, ka ma ɗauki hoto da waya, haka sabuwar za ta zauna. Sai ka goge wajen da sanfefa har ya yi sumul. Nan mutane ke yin sakaci, tsatsa da yashin da suka maƙale a gun su za su cinye sabuwar robar cikin 'yan watanni. In kuma ka ga ƙarfen kansa ya sirance a wajen, ya yi wuya kamar na kwalba, to bushin ba zai riƙe ba, nemi wani ƙarfen.

Kar ka bari yaron gareji ya shafa wa sabuwar robar baƙin mai ko giris, mai na sa roba ta kumbura ta yi laushi. Ruwan sabulu ya isa ta zame ta shiga. In irin mai taurin nan ce ta foliyuretin, ita da nata man na silikon take zuwa, shafa shi sosai in ba haka ba ƙiiƙii za ta dame ka da shi.

Mayar da marfi, ɗaura notoci da hannu kawai, sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, ka danna gaban sau uku huɗu, sannan ka ɗaure su tamau, a kan rami ya fi sauƙi. Tunda kana ƙasan, leƙa linkej ɗin da ke bakin ƙarfen hagu da dama, wato 'yan sandunan da suka haɗa shi da ƙafar mota, robobinsu sa'annin waɗanda ka cire ne, in sun tsage haɗa ka canza gaba ɗaya.