Darasi na 9: Sayen Tsohuwar Jitar Bes da Gyaranta

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗan zamani. Tsirkiyarta huɗu ce, kuma amonta ba ya fita sosai sai an haɗa ta da amfilifaya. Kamfanin Leo Fender na Kaliforniya a Amurka ne ya yaɗa ta a duniya, da ya fitar da Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass a 1960. A shekarun 1970 da 1980 kamfanonin Japan irin su Greco da Tokai da Ibanez sun yi ta ƙera irinsu, kuma aikin da yawansu ya yi kyau. A ganinmu, mai ƙaramin ƙarfi da ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan a kayan gwanjo, ya dube ta da kyau kafin ya wuce.

Idan ka je saye, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Wuya, wato dogon katakon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa, shi za ka fara dubawa, domin kusan duk abin da ya lalace a jita yana gyaruwa da kuɗi kaɗan, ban da wuya. Ɗaga ta, ka sa ido daga kai ka hango tsawonta, kamar yadda kafinta ke duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, jan tsirkiya ne ke kawo shi. Amma in ka ga wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗayan ya faɗa, ajiye ta ka yi sallama, ko da an karyar maka da farashi.

A cikin wuyan akwai dogon ƙarfe mai noti a baki, shi ke riƙe katakon kada tsirkiya ta rinjaye shi. Nemi izinin mai kaya a juya notin kaɗan a gabanka. A wasu jitocin yana wajen kai. A tsofaffin Fender kuwa yana gindin wuya, wani lokaci sai an sassauta kusoshi huɗun da ke baya kafin a kai gare shi. Idan notin ya cinye, ko yana ta juyawa sakaka ba ya kama komai, wataƙila ƙarfen ya karye. Gyaran wannan yakan kai ga ɓamɓare allon da yatsu ke hawa, kuma kuɗin aikin na iya zarce kuɗin jitar.

Daga nan sai ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet. Danna kowace tsirkiya a kowane firet, ka kaɗa. Wajen da ya yi zizar ko sautin ya mutu, ƙarfen ya zaizaye ko ya ɗago. Tsagewa a wajen kai, kusa da maɗaurin tsirkiya, abin tsoro ce. Siririn tsagi a fenti wajen da wuya ya shiga jiki kuwa, yawanci a fentin ya tsaya.

Kada ka biya sai an haɗa ta da amfilifaya. Ɗauki sukundireba ka ɗan ƙwanƙwasa maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato fikof. Mai rai zai ba da ƙara a sifika. In kana da mitar masu gyaran rediyo, fikof ɗin Precision yakan nuna kilo-om 10 zuwa 11, na Jazz guda biyu kuma 7 zuwa 8 kowanne. Mita ta ƙi motsi, siririyar wayar da aka naɗe a ciki ta tsinke ke nan, sai sabon naɗi ko sabon fikof.

Sunan da ke kan jita ba shaida ba ne, ana buga na jabu a liƙa. Mai kaya ya ce maka ta 1974 ce? A buɗe murfi a duba bayan maɓallan ƙara. A jitocin Amurka sau da yawa za ka ga lamba mai fara da 137, alamar kamfanin CTS, sai shekara, sai mako. Lamba 1377432 na nufin mako na 32 na 1974. Fender kuma takan rubuta ko ta buga kwanan wata a gindin wuya. Ka sani dai ana iya sauya maɓalli, don haka a haɗa shaida biyu ko uku.

To, ka kawo ta gida. Cire tsofaffin tsirkiyoyi, ka goge jiki da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa. Kada ka sa fetur ko sifirit ko tina, domin fentin tsofaffin jitoci narkewa yake yi. Kada kuma ka sake mata fenti: tsohon fenti, ko ya kakkarce, yana cikin abin da ke riƙe darajarta. Maɓallin da ke ƙara kamar da yashi a ciki in an juya shi, datti ne. Fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ka juya shi sau ashirin ko talatin. In dole sai an sauya, nemi mai lamba 250K, ka adana tsohon a leda. Kusar da raminta ya buɗe, musamman ta maratayi, sai a cusa tsinken sakace biyu da gam ɗin kafinta, a bar shi ya kwana, a mayar.

Sa sababbin tsirkiyoyi, masu lamba 45 zuwa 105 sun dace da yawancin jitoci, ka ɗaure su daidai sautinsu, daga mafi kauri zuwa mafi siranta: E, A, D, G. Saitin da zai biyo baya yana da jeri, kuma in ka tsallake mataki sai ka dawo ka sake.

Wuya ne farko. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da na ƙarshe, wani ya taya ka, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Ana son kimanin milimita 0.3, kaurin fallen takarda uku. Ta fi haka, ɗaure notin zuwa dama. Babu tazara sam, sassauta zuwa hagu. Kwatan juyi ya isa a lokaci guda, kuma ka sassauta tsirkiyoyi kafin ka ɗaure. Jira sa'o'i kaɗan katako ya zauna, ka sake aunawa. Noti ya cije, dakata, ka kai wa gwani. Garaje a nan ne ke karya ƙarfen.

Sai tsayin tsirkiya, wanda ake gyarawa a ƙarfen da ke ɗauke da su a jiki, abin da masu goge ke kira jaki. A firet na 17 a bar kimanin milimita 2.4, kusan kaurin katin ATM uku a haɗe. Fikof kuma ya zauna kamar milimita 3 ƙasa da tsirkiya mai kauri idan an danne ta a firet na ƙarshe. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, sauti ya yi rawa. A ƙarshe danna firet na 12 ka duba na'urar saita sauti. Sautin ya haura daidai, ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya. Ya gaza, turo shi wajen wuya.

Gurnanin sifika da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya ba abin damuwa ba ne sosai. Wanda bai sauya ba ko ka taɓa, duba siririyar wayar da ke ƙarƙashin jaki, ta kuɓuce ko ta yi tsatsa. A kankare, a liƙa ɗaya bakin da dalma. Amma in tsirkiya ta ja ka da wuta, zare filogi nan take. Laifin na amfilifaya ne ko wayar ɗakin, kuma yana iya kisa. Kira mai gyaran lantarki.

Jitar da ta zo daga ƙasa mai laima za ta ji hunturunmu. Katako zai tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu, sai a bi shi da ƙaramin magagari a hankali, bayan an rufe katakon da salatif. Sake auna wuyan a farkon hunturu da farkon damina, ka riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana da cikin mota.