Lafiyar haƙori ga masu barin Abuja zuwa Ingila

A Abuja, wanda ciwon haƙori ya kama yakan tsaya a kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ya cusa kanumfari a kogon har zafin ya lafa. A Ingila ba a sayar da irin wannan magani sai da takardar likita, kuma likitan unguwa da ake kira GP ba ya aikin haƙori. Saboda haka sabon zuwa ya nemi likitan haƙori mai aiki a ƙarƙashin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnati, tun bakinsa na lafiya, domin gurbi yana wuyar samu. Idan kumburi ya taso da dare, a kira 111, lambar wayar NHS ta neman taimako cikin gaggawa.

Sau da yawa rashin fahimtar bayani ne ke kai mutum ga rasa haƙori. Dasashin da ke zubar da jini lokacin goge baki alama ce ta cutar dasashi, amma wasu sukan daina goge wurin don tsoro, sai cutar ta ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin har ya fara girgiɗi. Ga mai ciwon suga kuwa abin ya fi tsanani. Kogo ma ba tsutsa ce ke yin sa ba, ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukari tsami mai cin haƙori, shi ya sa kurɓar shayi mai zaƙi wuni guda take ɓarna. A duba jikin man goge baki: babba yana buƙatar sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man), a goge sau biyu, ɗaya kafin barci, a tofar kada a kurkure. Asuwaki yana da amfaninsa, sai dai bai isa shi kaɗai ba.

Kuɗin lafiyar da aka biya tare da biza bai ɗauke kuɗin aikin haƙori ba, wanda aka kasa mataki uku. Kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da masu juna biyu, da wadda ta haihu cikin wata 12, bisa takardar shaidar da ungozoma ke nema mata. Wanda ya cike fom cewa ya cancanci kyauta alhali bai cancanta ba, ko da bisa kuskure ne, ana iya cin sa tara har fam 100 bayan kuɗin aikin. Wanda Turancin bai zauna masa ba ya nemi tafinta tun lokacin da yake neman ranar ganin likita, kuma ya karɓi tsarin aikin da kuɗinsa a rubuce kafin ya sa hannu.