Yadda ake bin diddigin sansanin sojan ƙetare da tasirinsa kan mulki: darasin Kirgistan

Ɗan jarida ko mai bincike da ke son gane ko sansanin sojan ƙetare yana ɗaure wa mai mulki gindi, Kirgistan, ƙasa a Tsakiyar Asiya, ce ta fi dacewa ya yi gwaji da ita, domin ta karɓi baƙuncin manyan abokan hamayya biyu lokaci guda: Amurka a filin jirgin Manas daga Disamban 2001 zuwa Yunin 2014, Rasha kuma a Kant tun Oktoban 2003, dukkansu a kusa da Bishkek, babban birnin ƙasar.

Fara da yarjejeniyar kanta. Nemi wa'adinta, da yadda ake soke ta, da kotun da za ta hukunta sojan da ya yi laifi. Wannan na ƙarshe shi ne inda mutanen gari ke jin jiki. A Disamban 2006 wani sojan Amurka ya harbe direban babbar mota a wani shingen bincike na Manas, kuma bai taɓa gurfana gaban kotun ƙasar ba, saboda yarjejeniya ta ba shi kariya.

Sai kuɗi, kuma nan za ka fi daɗewa. Kuɗin hayar Manas ya fara da kimanin dala miliyan 2 a shekara, ya koma miliyan 17.4 a 2006. A Fabrairun 2009 Shugaba Kurmanbek Bakiyev ya sanar daga Mosko cewa zai rufe sansanin, a ranar da Rasha ta yi masa alƙawarin bashi da tallafi na sama da dala biliyan 2. Majalisa ta amince. Zuwa watan Yuni ya yi amai ya lashe: haya ta zama miliyan 60, aka canja wa wurin suna zuwa cibiyar yada zango. Kuskuren da sabon mai bincike ke yi shi ne tsayawa kan haya, alhali kwangilar man jirage ta ninka ta nesa ba kusa ba. Kamfanonin Red Star da Mina Corp ne suka riƙe ta, kuma zargin cewa iyalan shugabanni na cin moriyarta ya kai majalisar Amurka ta yi bincike a 2010. Rubuta zargi a matsayin zargi har sai takarda ta shiga hannunka. Kuɗin Rasha kuwa yawancinsu ba ka ganinsu a layin haya. A 2012 ta samu ƙarin shekara 15 ga sansaninta, ta yafe bashin kusan dala miliyan 500. Saboda haka duba yafiyar bashi da kyautar makamai.

Bayan haka ja layi biyu a takarda guda, ɗaya na ranakun ciniki kan sansani, ɗaya na take haƙƙi. Wata guda bayan yarjejeniyar Yunin 2009 aka yi zaɓen da Bakiyev ya ce ya ci da kashi 76 cikin ɗari, masu sa ido na Turai suka yi tir da shi. A Disamba aka kashe ɗan jaridar Kirgistan Gennady Pavlyuk a Almaty ta maƙwabciyar ƙasa Kazakistan. Tattara sanarwar ofisoshin jakadanci na waɗannan makonnin, ka gwada zafinsu da na shekarun baya. Shirun baƙo ma hujja ce, in dai ka nuna lokacin da ya fara. Afrilun 2010 bore ya kori Bakiyev, mutum sama da 80 suka mutu.

Sai dai kada ka yi saurin cewa sansani ne ya haifi danniya. Amurka ta tattara nata ya-nata ta tafi a 2014, amma komawa baya mafi tsanani ta zo ne a zamanin Shugaba Sadyr Japarov. Kundin tsarin mulkin Afrilun 2021 ya tara iko a hannun shugaba, ya rage kujerun majalisa daga 120 zuwa 90. A 2024 aka kama 'yan jarida 11 masu alaƙa da kafar binciken ƙwaƙwaf ta Temirov Live, kotu ta ba da umarnin rufe gidauniyar kafar Kloop, aka sa hannu kan dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyi masu samun kuɗin waje rajista a matsayin wakilan ƙetare, irin ta Rasha. A wannan zangon, abin bi shi ne kwafin dokoki: ajiye ta Bishkek kusa da ta Mosko ta 2012, ka karanta su sakin layi bayan sakin layi, ka yi alama a duk inda kalmomin suka zo ɗaya.