Yadda Ake Saƙa Tsumman Wanke-wanke da Abin Sauke Tukunya da Zaren Auduga

Yawancin masu sabon koyon saƙa da rigar sanyi ko dogon mayafin wuya suke farawa, kuma can ne da yawa suke sarewa. Aikin yana da tsawo, kuskure kaɗan sai ya fito fili, ga zare mai yawa da ake jin tsoron ɓatawa. Ni shawarata a fara da abin da kicin ke buƙata kullum: tsumman wanke-wanke, sannan abin sauke tukunya daga wuta. Ƙanana ne, ana gama su cikin 'yan kwanaki, kuma ko gefe ɗaya ya ɗan karkace, kwano bai damu ba. Yawancin abin da sabon hannu ke buƙatar sani a saƙar tsinke biyu yana cikin waɗannan ƙananan ayyuka: kafa madaukai (wato zoben zare da ke jere a kan tsinke), saƙa su, ƙari, ragi da rufe baki.

Zare shi ne farko, kuma a nan ba a sassauci

Ki nemi zaren auduga zalla, wanda aka rubuta 100% a takardarsa, mai matsakaicin kauri. Yawancin zare mai laushi mai araha da ake yi wa jarirai hula da shi akirilik ne, wato dangin roba da kamfanin DuPont na Amurka ya fara haɗawa a 1941. Yana da kyau ga kayan sawa, amma ba shi da wurin zama kusa da murhu. Ba ya tsotse ruwa, sai dai ya riƙa tura shi nan da can a kan faranti. Abin da ya fi muni, idan ya taɓa gindin tukunya mai zafi narkewa yake yi, kuma robar da ta narke tana manne wa fata. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Idan zaren ya rabu da takardarsa, akwai gwaji mai sauƙi. Ki yanko ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki riƙe shi da cokali mai yatsu a saman kwanon ruwa, ki kusanto da ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi ruwan toka. Akirilik yana tattarewa, ya narke, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na gaske, na gashin tumaki, yana ƙaurin gashi, kuma sau da yawa yakan mutu da kansa da zarar an janye wutar.

Ko a cikin audugar ma akwai zaɓi. Akwai mai sheƙi da santsi, wanda aka bi da shi ta hanyar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Launinsa yana ɗaukar ido, amma ga wanke-wanke na fi son marar sheƙi, mai ɗan kaushi, domin ya fi kama maiƙo. Dunƙule ɗaya na giram 50 ya isa tsumma ɗaya har a ga saura. Abin sauke tukunya kuwa ki tanadar masa dunƙule biyu.

Sauran kayan ba su da yawa: tsinken saƙa biyu masu kaurin milimita 4.5 ko 5 don tsumman, wasu biyu na milimita 4 don abin sauke tukunya, almakashi, babbar allura marar tsini, da abin awo. Tsinken katako ko na gora ya fi riƙe madaukai, don haka ya fi wa sabon hannu sauƙi. Na ƙarfe ya fi sauri idan hannu ya faɗa.

Kafa madaukai huɗu

Wannan tsumma daga kusurwa ake fara shi, ya yi ta faɗi har tsakiya, sannan ya tsuke zuwa ɗaya kusurwar. Abin da ya sa nake son sa ke nan ga mai koyo: madaukai huɗu kacal za ki kafa, ba arba'in ba.

Ki bar jelar zare kamar santimita 15, ki yi ƙullin zarge, ki sa shi a tsinken hagu. Kada ki ja shi ya shaƙe tsinken, ya kasance yana iya zamewa gaba da baya. Sai ki soka tsinken dama cikin madaukin daga gaba zuwa baya, ki naɗa zaren sau ɗaya a kan tsinin tsinken dama, ki jawo shi ta cikin madaukin. Sabon madaukin da ya fito ki ɗora shi a kan tsinken hagu kusa da na farko. Yanzu kina da biyu. Ki maimaita da na bakin tsinke har su kai huɗu.

Saƙar kanta

Motsin da kika yi yanzu shi ne saƙar, da bambanci ɗaya. Ki soka, ki naɗa, ki jawo, amma maimakon ki mayar da sabon madauki hagu, ki bar shi a tsinken dama, ki zame tsohon ya fita daga tsinken hagu. Idan madaukan hagu sun ƙare, layi ɗaya ya cika. Ki musanya hannu, tsinken da ke da saƙa ya koma hagu, ki sake farawa. Ki yi layin farko haka ba ƙari ba ragi.

Saƙa kowane layi da wannan salo guda yana ba da yadi mai kunya-kunya a fuska biyu. Ba ya naɗewa a gefe, yana kwanciya shimfiɗe, kuma waɗannan kunyoyin ne ke kankare abin da ya manne a kwano. Kowace kunya ɗaya layi biyu ce, wannan zai taimaka miki wajen ƙirga.

Ki lura da inda madauki yake samuwa. Idan a kan siririn tsinin tsinke kike ƙulla shi, zai fito a matse, kuma layi na gaba sai kin yi kokawa kafin tsinke ya shiga. Ki riƙa tura kowane sabon madauki zuwa jikin tsinke mai kauri kafin ki ja zare. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu, saboda haka matsatsiyar saƙa da ita tana gajiyar da yatsu da wuyan hannu. Idan kin ji hannu ya fara tsami, ki ajiye ki miƙe yatsu.

Rabin farko: ƙari

Daga layi na biyu, kowane layi haka yake: ki saƙa madaukai biyu, ki kawo zaren gaba ta tsakanin tsinkayen biyu, ki ɗora shi ta saman tsinken dama ya koma baya, sannan ki saƙa sauran har ƙarshe. Wannan naɗin da kika yi a banza shi ne sabon madauki. A layi na gaba idan kika iso gare shi zai yi kama da sakakken zare da ya kwanta a karkace. Kada ki yi zaton kuskure ne ki zame shi. Ki saƙa shi kamar sauran. A ƙarƙashinsa ƙaramin rami zai fito, kuma waɗannan ramukan ne za su jeru su zama ado a gefen tsumman.

Ki ci gaba har madaukai su kai 44, ko kuma har gefe ɗaya ya kai kusan santimita 20. Awon ya fi ƙirgar muhimmanci, domin hannu ya bambanta: wata da 40 za ta kai, wata sai 48.

Akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi a farkon layi. Idan kika juya saƙa, kika ja zaren ta saman tsinke zuwa baya, madaukin farko yakan miƙe ya nuna ƙafafu biyu, sai ki ɗauka madaukai biyu ne ki saƙa kowanne daban. Maganin shi ne ki bar zaren ya rataya ƙasa, ki kai shi baya ta ƙarƙashin tsinke. Haka kuma ki kula kada tsinin ya tsaga zaren, domin auduga silli-silli take, ki tabbata duk sillayen sun shiga tare. Idan madauki ya suɓuce, ki maƙala masa fil nan take don kada ya ci gaba da warwarewa, sannan ki jawo shi sama da kwarashi.

Rabi na biyu: ragi

Yanzu kowane layi: ki saƙa ɗaya, ki haɗa biyu ki saƙa su tare, ki yi naɗin nan na banza, ki sake haɗa biyu tare, sannan ki saƙa sauran. Kin rage biyu, kin ƙara ɗaya, don haka kowane layi yana raguwa da madauki ɗaya, kuma jerin ramukan bai yanke ba. Wannan rabin yana gudu, domin kowane layi ya fi na baya gajarta.

Da madaukai sun koma huɗu sai rufe baki. Ki saƙa biyu, ki ɗaga na farko da tsinin tsinken hagu ki tsallakar da shi ta kan na biyu ya fita. Ki saƙa ɗaya, ki sake tsallakarwa. Idan ya rage ɗaya, ki yanke zare ki bar jelar santimita 15, ki zura ta cikinsa ki ja. Jelolin biyu ki sa su a allura ki bi da su ta cikin kunyoyi, ki juyo baya kaɗan kafin ki yanke. Auduga tana da zamewa, kuma abin da za a riƙa matsewa kullum sai an ɓoye jelarsa da kyau.

Abin sauke tukunya

A nan ado da rami ba shi da gurbi, domin ta rami ɗaya yatsa zai taɓa ƙarfe mai zafi. Ki ɗauki tsinken milimita 4 don saƙar ta fito a cushe. Ki kafa madaukai 36, ki saƙa kowane layi ba ƙari ba ragi. Don ki san ko ya yi murabba'i ba sai kin nemi abin awo ba: ki naɗo kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama da ke ɗaya gefen. Idan gefuna sun haɗu daidai, ki rufe baki.

Ki saƙa irinsa na biyu. Falle ɗaya bai isa ba, kome kaurinsa a ido, kuma ba na so kowa ya gwada hakan da tukunyar da ke tafasa. Ki ɗora ɗaya kan ɗaya yadda kunyoyin na sama za su gitta na ƙasa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, don ƙananan kafofin saƙar kada su yi saiti da juna. Ki ɗinke gefuna huɗu da allura da zaren da kika yi saƙar, sannan ki bi tsakiya da ɗinki daga kusurwa zuwa kusurwa don fallayen kada su riƙa zamewa a hannu. Maratayi kuma: ki kafa madaukai 20, ki rufe bakinsu nan take, za ki samu 'yar igiya. Ki lanƙwasa ta ki ɗinke a kusurwa ɗaya.

Kafin ki amince da shi, ki ɗaga shi saitin haske. Idan kina hango haske ta cikinsa, ki ƙara falle na uku. Ki fara gwada shi da tukunya mai ɗumi, ba wadda ta fito daga tanda ba. Kuma kada a taɓa sauke tukunya da shi yana jiƙe: ruwa yana kai zafi hannu da sauri fiye da busasshen yadi, ga tururi. Auduga ba ta narkewa, amma tana kama wuta, don haka maratayinsa ya yi nesa da harshen murhu.

Saƙa a tsakanin girki

Girki yana da lokutan jira da yawa, kuma wannan saƙa ta dace da su domin ba ta buƙatar duba takarda. Yayin da ruwa ke jiran tafasa ko miya ke dahuwa a ƙaramar wuta, ana iya cin layi huɗu ko biyar. Ki wanke hannu ki goge kafin ki taɓa zare, domin auduga tana shan maiƙo da ƙamshin albasa, kuma tabon da ya shiga tun tana kan tsinke yana da wuyar fita. Dunƙulen zaren ki sa shi a jaka ko a kwano mai zurfi don kada ya gangara ƙasa. Ki zauna nesa da wuta, inda kina ganin tukunya. Idan suya ake yi da mai, ki ajiye saƙa gaba ɗaya, idonki na kan kasko.

Ki yi ƙoƙari ki ƙarasa layi kafin ki tashi. Idan dole ta sa kika ajiye a tsakiya, ga yadda za ki gane inda kika tsaya: tsinken da zaren dunƙule ke fitowa daga madaukinsa na ƙarshe, shi ne na hannun dama.

Wanki da kulawa

Ki wanke su kafin amfanin farko, masu duhun launi daban, domin wani rinin yana zuba. Za su ɗan tsuke, saƙar ta ƙara cushewa, kuma tsumman zai fi shan ruwa bayan wanki biyu ko uku. Bayan kowane wanke-wanke ki ɗauraye shi, ki matse, ki baza shi inda iska ke ratsawa. Tsumman da aka bari a dunƙule a jiƙe shi ke yin wari. Idan warin ya riga ya kama, ki tafasa shi a ruwa na 'yan mintuna ki shanya a rana. Ya fi kyau a samu uku ko huɗu ana juya su, wanda ya taɓa ɗanyen nama ya tafi wanki kai tsaye. Abin sauke tukunya kuwa ki riƙa duba tsakiyarsa lokaci-lokaci: idan zaren ya yi baƙi ya fara karyewa, ko wuri ɗaya ya sirance, ki cire shi daga aikin wuta ki saƙa wani.