Yadda Ake Gyara Cok Ɗin Janareta Idan Ya Maƙale

Idan janaretanka ya fara fitar da baƙin hayaƙi yana tari yana warin ɗanyen fetur, ko kuma da sanyin safiya lokacin hunturu kayi ta jan igiya har kafaɗa tayi tsami yaƙi tashi, toh kafin ka ɗora shi a Keke Napep zuwa wajen makanike ko wani yace maka kaje ka sayo sabuwar kafireta, fara duba cok tukuna. Sau da yawa aikin bai wuce na rabin awa ba, kuma kayan aikin ma ba wasu masu yawa bane, sufana lamba 10, sukudireba, filaya, tsohon buroshin haƙori, tsumma mai tsabta, sai gwangwanin feshin wanke kafireta da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran babur da janareta. Ina maganar irin janaretocin fetur ɗin nan ne da suka cika gidaje da shaguna, su Sumec Firman, Elepaq, Tiger da sauransu, waɗanda galibinsu tsarin injin Honda GX aka kwaikwaya.

Shi cok ba wani abu bane illa ɗan faifan ƙarfe a bakin kafireta, ta ɓangaren da iska ke shiga, yana juyawa akan wani siririn sanda. In ka rufe shi iska ta ragu, inji ya zuƙo fetur da yawa, abinda inji mai sanyi yake buƙata kenan don ya kama. Da zarar ya kama ya ɗan ɗumama sai a buɗe. Matsalar dai biyu ce, ko ya maƙale a rufe ko ya maƙale a buɗe. Wanda ya maƙale a rufe shine mai baƙin hayaƙi da shan mai kamar ba gobe, kuma tunda aka cire tallafin fetur a 2023 ba mai son jin wannan labarin. Wanda ya maƙale a buɗe kuma shine mai wahalar tashi in yayi sanyi, amma in ya riga yayi zafi ja ɗaya ya kama. Ka lura da kalar hayaƙin ma, baƙi na fetur ne, mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa, wannan wani ciwon ne daban ba ruwan cok.

Da farko kashe injin ka barshi ya huce sosai, salansa na ƙona hannu ba wasa. Zare wayar da ta tafi gida, rufe famfon mai na ƙasan tanki, ka cire hular fulogi, in mai tashi da makulli ne ka kwance wayar batir baƙar. A tsakar gida ko waje za'a yi aikin inda iska ke wucewa, nesa da murhu da risho da mai shan taba, kuma a kori yara don wallahi sai sun ɗauke maka noti.

Yanzu buɗe murfin akwatin filtar iska, wasu maƙalli ne wasu sukuru, ka zare soson. Haska tocilan ɗin wayarka cikin ramin, faifan da ka fara gani shine cok. Akwai wani faifan na biyu can ciki kusa da inji, wannan na totur ne wanda gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ke sarrafawa da wani dogon ƙarfe da siririn sifirin, kar ka taɓa shi, in ka lanƙwasa sifirin ɗin nan gudun inji zai canza wuta ta rinƙa hawa da sauka har ta ƙona maka kaya. Ka motsa libar cok kana kallon faifan da idonka, nan ne za ka gane komai. In liba tana tafiya sakwaf-sakwaf faifan ko gezau, toh ba maƙalewa bane, haɗin ne ya rabu. In kuma liba tayi tauri taƙi motsi, ko tana zuwa rabi ta tsaya, datti ne ko tsatsa ya riƙe sandan. Don Allah kar ka danne ta da ƙarfi, roba ce, karyewa zata yi ka ƙara wa kanka aiki.

Don ka samu sarari sai ka cire akwatin filtar gaba ɗaya. Noti biyu ne lamba 10 a ciki, sune kuma suke riƙe da kafiretar kanta, wani lokacin da ƙarin ƙusa ɗaya ta baya ko ta ƙasa, sannan akwai ɗan baƙin tiyo da ya taho daga kan inji, zare shi a hankali. Kafin ka janye komai ɗauki hoto da waya, musamman yadda liba ta zauna da yadda gaskit, wato ɗan shafin da ke like tsakanin akwatin filta da kafireta, ya fuskanta, zaka gode wa kanka wajen mayarwa.

In haɗin ne ya rabu, duba ƙasan libar, akwai wani ɗan tsinin roba da yake shiga rami a kan sandan cok, shine yake fita ko ya cinye ko ya karye. In fita yayi mayar dashi kawai shikenan. In ya karye sayo wata libar, ba tsada gareta ba, ka tafi da tsohuwar a aljihu don a gwada maka, masu kayan janareta a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ba za'a rasa ba. Ɗaure ta da waya ko kyauron roba da wasu keyi ni ban yarda dashi ba, girgizar inji sai ta ja cok ɗin ya koma rabin rufe kai baka sani ba kana ta zuba mai. Masu cok na ja da waya daga gaban janareta kuma, kwance wayar daga kafireta ka gwada kowanne shi kaɗai, sau da yawa wayar ce tayi tsatsa cikin rigarta, ɗiga mata mai kaɗan ka rinƙa ja kana turawa har ta saki.

In sandan ne ya kafe, anan ake buƙatar haƙuri. Abinda ke riƙe shi tsohon fetur ne da ya bushe ya zama wani jan danƙo, ya haɗu da ƙurar hunturu, zaka ganshi ya taru daidai inda sandan ya ratsa jikin kafireta sama da ƙasa, har in ka kankare da farce yana fitowa. Fesa maganin a waɗannan wurare biyun, kauda fuska don yana dawowa ido kuma yana da zafi, barshi ya jiƙa kamar minti biyar, sai ka kama kan sandan da yatsu kana ɗan juya shi gaba da baya kaɗan kaɗan, ka sake fesawa, ka sake juyawa. Da farko zaka ji kamar ba abinda yake yi sai can kaji ya ɗan saki, ruwa mai kalar shayi ya fara gangarowa, cigaba har ruwan ya dawo fari faifan kuma yana zuwa ƙarshe da ƙarshe ba tare da ya kama ko'ina ba. Goge gefen faifan da cikin bakin kafiretar da buroshi. In ka ga faifan ya lanƙwashe yana gogar bango, yawanci wani ne ya taɓa zura sukudireba ya banƙare shi, ana iya ɗan miƙar dashi da filaya a hankali, amma in ƙananan sukuru ne suka riƙe shi a jikin sandan ka ƙyale su, in ɗaya ya kwance inji ya haɗiye shi ba ƙaramar asara bace. Kuma kar a shafa giris, ƙura zai tara, wata ɗaya ka dawo gidan jiya. Ƙaramin nan da ake cewa "I pass my neighbour" ya fi saurin yin wannan danƙon saboda ana haɗa masa fetur da baƙin mai, mutane kuma suna zuba man da ka ba awo.

Wasu manyan janaretoci cok ɗinsu da kansa yake buɗewa, zaka ga wani ɗan kwano mai tiyo a gefen kafireta da sanda ya fito daga ciki, zuƙar inji ce take jan wata fatar roba a ciki ta buɗe faifan. In tiyon ya tsage ko ya zare cok ba zai buɗe ba. Canza tiyon, amma kar ka fesa maganin kafireta cikin kwanon, yana lalata robar. 

Kafin ka rufe, kwance fulogi ka duba. In cok ya daɗe a rufe zaka sameshi baƙi ƙirin da toka ko jiƙe da fetur, goge shi da buroshin waya ko ka sa sabo, tazarar bakinsa 0.7 zuwa 0.8 milimita. Sannan zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, in yana warin fetur ko yayi ruwa-ruwa ko ya haura inda ka sani, juye shi ka zuba sabo, don fetur ya gangara ciki ya tsinka shi kuma irin wannan man baya kare inji. Wanke soson filta da ruwan omo, shanya shi ya bushe ƙarau, ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Soson da ya toshe da ƙura shi kansa aikin cok yake yi, hayaƙi iri ɗaya.

Wajen mayarwa gaskit ya zauna yadda yake a hoto, in ya juye yana toshe ƙananan ramukan iska ko ya tokare faifan, in ya yage sa sabo. Ɗaure notin biyu bi da bi, kar ka ƙulle su kamar na tayar mota don roba ce zata lotsa ta matse libar, kuma ka gwada motsa libar bayan ka ɗaure ba kafin ba.

Buɗe mai, rufe cok, ja igiya. In ya kama bashi 'yan daƙiƙu ka mayar rabi, sannan ka buɗe gaba ɗaya, ya kamata ƙararsa ta daidaita hayaƙin ya ɗauke, sai ka barshi minti biyu uku kafin ka ɗora lodi. A waje za'a yi gwajin nan, ba cikin shago ko zaure ba, hayaƙin janareta yana kashe mutane cikin barci.

Amma in kana buɗe cok yana mutuwa, ko sai a rabi yake yarda yayi aiki yana hawa da sauka, toh cok lafiyarsa lau, mai ne baya isa. Jet ne ya toshe, wato 'yar ƙusar nan mai siririn rami da fetur ke bi a cikin kafireta, ko iska na shiga ta gaskit ɗin bayan kafireta. Rufe mai, kwance ƙusar kofin da ke ƙasan kafireta, zaka ga datti ko ɗigon ruwa a kwance, jet ɗin yana cikin bututun tsakiya ana fito dashi da sukudireba mai faɗin baki wanda ya cika tsagar daidai, don tagulla ce tana saurin cinyewa. Fesa masa magani, zura silin waya siriri guda ɗaya, ba allura ba don tana buɗa ramin, ɗaga shi sama in kaga haske zagaye tas ka mayar. In kuma zaka ajiye janaretan fiye da wata ɗaya, rufe famfon mai yana cikin aiki ka barshi ya shanye na kafireta ya mutu da kansa.