Yadda Mai Cikin Fari Za Ta Zaɓi Abin Goyo da Keken Jariri a Garwa

Da zarar ciki ya shiga wata bakwai, hankalin mai cikin fari yakan koma kan kayan jariri. Ta shiga babbar kasuwar Garwa da niyyar sayen baho da tawul da 'yan riguna, sai idonta ya faɗa kan kekunan jarirai jere a bakin shago, wasu da rumfa, wasu har da abin wasa mai ƙara, ga kuma jakar goyon ƙirji da ake kira kanguru tana reto a jikin ƙusa. Mai shago ya ce, "Hajiya, wannan daga Dubai ya zo." Ni ma an faɗa mini haka a cikina na fari, na kuwa sayi keken. Ranar rigakafin sati shida na fito da shi, ƙananan tayoyinsa suka dinga nutsewa cikin yashin layinmu, tun ban kai bakin kwalta ba na ciro jaririya na saɓa a kafaɗa, ina jan keken da ɗaya hannun, jikina ko gama warwarewa bai yi ba. Wata maƙwabciya ce ta ara mini zane na goya ta. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, shi ya sa nake so ƙannena masu cikin fari su bi abin daki-daki.

Mataki na farko: ware kuɗin awo da haihuwa

Kafin a yi maganar keke, a tabbatar an rufe maganar asibiti. A jihohinmu na arewa akwai takardar nan ta Chèque Santé da ake saye sefa 6,000, wadda ke ɗauke nauyin awon ciki da haihuwa a asibitocin da ke cikin tsarin. Ki tambaya a inda kike awo. Abin da ya rage bayan wannan da guzurin ko-ta-kwana, shi za a yi lissafin kayan jariri da shi.

Mataki na biyu: auna hanyarki da ƙafarki

Ki fito daga ƙofar gidanku ki taka har inda kike samun abin hawa, kina kallon ƙasa. Yashi ne? Akwai kwata da ake tsallakawa? Dokin ƙofar zaure nawa ne tsayinsa? Idan damina ta sauka, nan wurin taɓo yake zama ko ruwa ke kwanciya? Wadda ke zaune a gida mai siminti kusa da kwalta a unguwar Rumde Ajiya, lissafinta dabam yake da na wadda ke can cikin lungu, haka ma 'yar'uwarmu ta Marwa da sai ta ratsa yashin kogin Mayo Kaliyawo kafin ta isa inda za ta.

Sannan ki ƙirga fitar da za ki yi a shekarar farko. Mafi yawanta ta rigakafi ce: ta ranar haihuwa, ta sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Tun watan Janairun 2024 kuma Kamaru ta fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata 6, a gundumomin da aka zaɓa. Ƙara da barka da suna da ziyarar gida. Da me za ki je duk waɗannan? Idan amsar ita ce babur ɗin haya, to keke ba shi da wurin zama a rayuwarki yanzu, domin ba ya hawa babur tare da ke da jariri. Idan maigida na da mota, ko kuma asibiti da makarantar da kike aiki na kusa a kan hanya mai kyau, sai a ci gaba da maganarsa.

Mataki na uku: zane da majanyi

Nan ne zuciyar maganar. Duk abin da za ki saya daga baya ƙari ne a kan waɗannan biyun. Zane ba ya buƙatar hanya mai kyau, yana wankuwa ya bushe kafin la'asar, yana zama shimfiɗa, yana zama mayafin shayarwa, kuma jariri na jin ɗumin uwarsa da bugun zuciyarta, ya yi barci ba rigima.

Ki nemi atamfa ta auduga zalla. Ki murza gefenta a hannu: wadda ke santsi tana sheƙi, roba ta yi mata yawa, za ta riƙe zafi ta kuma zame daga ɗauri. Sabuwar atamfa sai an wanke ta sau biyu ko uku, sitacin ya fita, kafin ta taɓa fatar jariri. Gaskiya ma tsohon zanen Inna da ya sha wanki ya yi laushi ya fi kowane sabo daɗin goyo. Ki tanadi aƙalla huɗu, domin fitsari da tumbuɗi ba sa sallama. Majanyi kuwa ya zama mai kauri, saƙi ko tawul mai tsawo, wanda zai tallafi ɗuwawun yaro ya zagayo ki ɗaure a gaba da sauran jela. Shi ke ɗauke nauyi idan zane ya sassauta.

Ɗaurin kansa koyonsa ake yi, kuma ba kunya a ciki. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyaye, to wannan ne lokacin. Ki ce wa Inna ko Goggo ta nuna miki da ɗan ƙanwa ko ɗan maƙwabta: yadda ake sunkuyawa baya ya miƙe, yadda ake ɗora yaro a tsakiyar baya ƙafafunsa a buɗe sun rungumi ƙugu, yadda ake ja bakin zane na sama a soke a ƙirji, sannan a tattaro na ƙasa a ƙarƙashin ɗuwawunsa. Na ga hannun mahaifiyata yana yin wannan cikin ƙiftawar ido, amma da ta zo koya mini sai ta tsaya a bayana, tafinta ɗaya a ƙeyar jaririyar, ba ta ɗauke ba sai da na gama soke zanen. Haka ake yi wa sabon haihuwa. Wuyansa ba ya ƙwari sai wajen wata 4 zuwa 6, saboda haka kafin nan zane ya hau har ƙeya ya tallafi kai, fuska ta juya gefe, hanci da baki a sarari, kuma wani ya duba miki tunda ke ba kya ganin bayanki. Goyon ya zama na ɗan lokaci, ana sauke shi ana dubawa.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali kullum na gani. Mace ta goya jariri, ta zuba dogon hijabi mai kauri ya rufe shi ruf, a watan Maris ko Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Jariri ba ya iya fitar da zafi daga jikinsa kamar babba, kuma idan numfashi ya yi masa wuya ba lallai ya yi kuka ba. Ki sa hijabi mara nauyi, ki ɗage gefensa kan yaron ya fito, ko ki yi lulluɓin da zai bar fuskarsa a waje. A kan babur kuma ki tattare jelar hijabi da ta majanyi ki danne, kada taya ta kama, ki lura da ƙafar yaro da salansa, ki ce wa mai babur, "Malam, da jariri, a hankali." Idan akwai halin mota ko a-daidaita, ya fi. A bakin murhu, in za ki soya abu da mai, sauke shi ki ba wani.

Mataki na huɗu: idan za ki sayi kanguru

Tana da amfaninta, ba na musu. Kina ganin fuskar ɗanki, nauyi na rabuwa a kafaɗu biyu, kuma maigida ma zai iya ɗauka, abin da ba zai yi da zane ba. Amma a cikin waɗanda ke rataye a kasuwa, marasa kyau sun fi yawa.

Fara da duba mazaunin. Idan siriri ne, yaro zai rataye ta tsakanin cinyoyi ƙafafu na lilo, wannan ba alheri ba ne ga ƙashin ƙugunsa da bai gama haɗuwa ba. Wadda ake so ita ce mai faɗin mazauni daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, gwiwoyi su ɗan fi ɗuwawu tsawo, kamar zaman kwaɗo, wato dai irin zaman da yake yi a goyon zane. Sai ki karanta nauyin da aka rubuta a jiki. Da yawansu daga kilo 3.5 suke farawa, kuma ba kowane jariri ake haifa da wannan nauyin ba. Ki ja kowane maɗauri da ƙarfi, ki buɗe ki rufe, ki bi ɗinkin kafaɗa da yatsa. Yadin ya zama mai shan iska. Masu kaurin soso don ƙasashen sanyi aka yi su.

In kin saka jaririn a ciki, kansa ya zo daidai inda za ki sunkuyo ki sumbace shi, jikinsa manne da naki, haɓarsa ba ta kwanta a ƙirjinsa ba. Ki gwada: yatsa ɗaya ko biyu su shiga tsakanin haɓa da ƙirji. Haɓa idan ta kwanta, maƙogwaro ke toshewa. Saboda wannan ne a 2010 aka janye kusan miliyan ɗaya na wata jakar goyo ta kamfanin Infantino a Amurka, bayan mutuwar jarirai uku. Irin jakar nan ce mai zurfi da ake ratayawa a kafaɗa ɗaya, jariri ya kwanta ciki a naɗe. Kayan gwanjo na yawo duniya, saboda haka duk inda kika ga mai wannan siffar, ko kyauta ce, bar ta. Juya yaro yana kallon gaba kuma sai wuyansa ya tsaya sosai.

Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta tambayi ungozoma kafin ta ɗaura wani abu a mara. Idan kuma Allah ya kawo bakwaini, ko wanda bai kai kilo 2.5 ba, kangurun kasuwa ba tasa ba ce. Nasa goyon dabam ne: a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, a sa masa hula. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabarar a ƙarshen shekarun 1970, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa. Ma'aikatan asibiti ne za su nuna miki yadda ake yi.

Mataki na biyar: keke, ga wadda hanyarta ta yarda

Taya ce farko. Manya masu faɗi su ke iya yashi da tsakuwa. Masu iska sun fi laushin tafiya, sai dai ƙaya na huda su, amma mai facin keke na unguwa zai gyara. Na biyu, bayan kujerar ya kwanta sosai kamar gado, domin jariri ba ya zama da kansa sai wajen wata 6. Keken da ba ya kwanciya na babban yaro ne, kada mai shago ya ce miki a sa filo.

Ki taka birki ki tura da ƙarfi ki ga ko zai motsa. Ki ƙirga igiyoyin ɗauri, biyar ake so: biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Ki naɗe shi ki buɗe da kanki, ki ɗaga ki ji ko za ki iya tsallake dokin ƙofa da shi. Ki duba mahaɗar da yake naɗewa ko a rufe take: a 2009 kamfanin Maclaren ya janye kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka saboda mahaɗar ta datse wa yara kan yatsu, ga shi mu gidajenmu cike suke da yara masu son taɓe-taɓe. Kekunan da aka yi wa kasuwar Turai sukan zo da alamar inganci ta EN 1888 a jiki. Ganinta na ƙara kwanciyar hankali, amma ba ta hana ki gwada da hannunki.

Na gwanjo mai ƙarfi sau da yawa ya fi sabo mai araha, araha ba ta ado. Sai dai a duba tsatsa, a duba igiyoyi ko rana ta cinye su, a cire yadin a wanke a shanya. Ki tafi da buhun shinkafa mai kilo 5 ki ɗora, ki roƙi mai shago ki tura a ƙasar gaban shagon, ba a kan siminti ba. Gani ya kori ji.

Bayan an saya, kada a lulluɓe keke da zane don kare rana ko ƙurar hunturu, cikinsa zafi yake tarawa kamar tanda. Rumfarsa da inuwa sun isa, da yamma kuma a sa masa ɗan gidan sauro mai raga. Kada a rataya jaka mai nauyi a hannunsa, baya yake kifewa. Barcin dare ba a cikinsa ba, kuma ba a bar wa yara ƙanana su yi tsere da shi a tsakar gida.

Mataki na shida: lokacin saye

Zannuwa huɗu da majanyi biyu su kasance a wanke a ninke cikin jakar asibiti tun wata takwas. Kanguru da keke kuwa a jira bayan suna. Lokacin kin san nauyin ɗanki, kin san yadda haihuwar ta zo miki, kin kuma ga abin da dangi suka kawo na barka, don sau da yawa wata yaya ko ƙawa na da keken da ɗanta ya girme masa, yana jingine a bayan ƙofa. Kwana arba'in ɗin jego ma ba fita za ki yi ba. In kin tashi zuwa kasuwa, ki tafi da Inna ko wata da ta goya uku ko huɗu, ki bar ta ta fara taɓa kayan kafin a yi ciniki.