Yadda ake karanta sakamakon gwajin KRAS da BRAF a ciwon daji

Idan takardar ɗakin gwaji ta dawo ɗauke da "KRAS G12C", kada ka tsaya a sunan KRAS. KRAS da BRAF furotin ne a ƙwayar jiki, waɗanda sauyi a cikinsu kan ingiza ciwon daji. Harafin farko na G12C shi ne amino asid (tubalin ginin furotin) na asali, gilaisin, lambar kuma mazauninsa a jikin furotin, harafin ƙarshe shi ne wanda ya maye gurbinsa, wato sisteyin. Wannan harafi ɗaya kan sauya magani gaba ɗaya.

KRAS makunni ne. In yana riƙe da sinadarin GTP, yana kunne, yana aika wa ƙwayar jiki umarnin rabuwa. In ya sare GTP ya koma GDP, sai ya kashe. Furotin GAP ke hanzarta sarewar. Sauyi a mazauni na 12, 13 ko 61 yana raunana wannan aiki, amma ba iri ɗaya ba.

G12C bai rasa ikon sare GTP da kansa ba, don haka yakan koma kashe lokaci zuwa lokaci. A nan magungunan sotorasib, da Amurka ta amince da shi a 2021, da adagrasib na 2022 ke kama shi: suna manne wa sisteyin ɗin dindindin yayin da yake riƙe da GDP. G12D, wanda ya fi yawa a dajin fankiriyas, ba shi da sisteyin a wurin, maganin bai da inda zai kama. G13D matsalarsa daban: saurin sakin GDP yake yi ya ɗauki sabon GTP. Q61L kuwa sarewar ce ta kusan tsayawa cik.

A BRAF, furotin da ke karɓar umarnin daga RAS (dangin furotin da KRAS ke ciki), tambayi ajin sauyin. V600E aji na 1 ne, yana aiki shi kaɗai ba ya jiran RAS, magungunan vemurafenib da dabrafenib na toshe shi. K601E da G469A, aji na 2, sai sun haɗu biyu-biyu, waɗannan magunguna ba sa riƙe su sosai. D594G, aji na 3, kusan ba shi da ƙarfin kansa, RAS yake jingina da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da gaɓar da dajin yake. V600E a babban hanji ba ya jin maganin BRAF shi kaɗai, domin EGFR, furotin da ke saman ƙwayar jiki, na sake buɗe hanyar umarnin rabuwa; shi ya sa ake haɗa encorafenib, maganin BRAF, da cetuximab, mai toshe EGFR. Sannan ka duba hanyar gwajin: wasu na'urorin PCR (masu binciken DNA) sauyin V600 kawai suke nema, "babu sauyi" a takardarsu bai kore aji na 2 ko na 3 ba.